Kwamfutocin Kawu uku da wayar da ta haɗa su

Wata Asabar bayan la'asar Kawu ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai da kake taɓa kwamfuta, in rubutu ya shekara ashirin a cikinta, yana nan ko ya ruɓe?" Na ce ya danganta da inda aka ajiye ta. Ya ce to in zo in gani da idona.

Ashe wani bawan Allah ne ya yi sallama da shi har gida, yana neman tarihin zuri'arsu. Mahaifinsa ne ya kawo shi a rubuce da hannu, zamanin da Kawu ke da shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, aka buga masa shafi sittin da wani abu, ya tafi da kwafi biyu. Tsohon ya rasu. Kwafi ɗaya gara ta ci, ɗayan wani ya ara bai dawo da shi ba. Duk duniya babu inda ya rage sai cikin kwamfutar Kawu, shi ma in Allah ya sa yana nan.

Kwamfutocin uku ne, suna ɗakin shirgi, an lulluɓe su da tsohuwar darduma, har an ɗora wa ɗaya rabin buhun gero. Mafi tsufa 486 ce, Kawu ya saye ta gwanjo lokacin da wani ofis ke rabuwa da tsofaffin kaya. Ita ba ruwanta da Windows, DOS 6.22 ne a kanta da WordPerfect 5.1, mai shuɗin allon nan. Ta tsakiya Pentium II ce mai Windows 98, ita ta sha wahalar shago, duk katin biki da takardar cinikin fili da aka buga a shekarun nan ta cikinta suka bi. Autarsu Pentium 4 mai Windows XP, ya saye ta dab da kasuwar za ta mutu. Na tambaye shi a wacce aka buga tarihin. Ya ce, "A ɗaya daga cikinsu dai."

Ranar ban jona ko ɗaya da wuta ba. Wanda ya san ƙurar hunturun Katsina ya san babu ƙofar da ke hana ta shiga. Na kwance murafen a tsakar gida na bi su da bulowa, matar Kawu tana ta faɗa mun ɓata mata shanya. A fankar Pentium II zanzaro ya yi gini har hawa biyu. Ƙaramin batirin da ke riƙe wa kwamfuta agogo da saitinta ya mutu a dukansu. Na Pentium ɗin guda biyu ba wuya, CR2032 ne, irin na agogon hannu mai faɗi, a bakin kasuwa na samu. Na 486 kuwa wani ne mai kama da 'yar ganga da aka liƙe da dalma a jikin babban allo, ya tsiyaye ya bar kore-kore a kan layukan tagulla. Na datse shi da filaya, na goge wurin da ruwan kal da tsohon buroshin haƙori, na bar shi ya kwana ya bushe.

Washegari ta XP ta tashi kamar jiya aka kashe ta. Ta 98 ta yi ta kuka ƙit-ƙit-ƙit babu hoto, sai da na zare RAM na goge bakinsa da abin goge fensir na mayar. Sai ga had-dis ya fara gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar injin markaɗe a bayan layi, sai ga gajimaren nan da tambarin Windows 98. Kawu da ke zaune kan tabarma ya miƙe tsaye ya ce, "Allahu Akbar, ashe tana da rai."

To tana da rai, amma ta ina za a fitar da abin da ke cikinta? Na soka filash, ta ce in ba ta direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane abin da aka jona mata, don Windows 98 bai zo da direban filash ba. Abin CD ɗinta karatu kawai yake yi, ba ya rubutu. Saura fulofi, wanda ke ɗaukar megabait 1.44, hoto ɗaya na wayar yanzu ma ya fi ƙarfinsa, kuma cikin injinan fulofi uku ɗaya kaɗai ke aiki. Ƙanena da ya biyo ni ya ce me zai hana a zare had-dis ɗin a soka shi a laftof ta adafta, a huta. Gaskiya ya faɗa, ita ce hanya mafi kusa, kuma wanda buƙatarsa kwashe fayil ce kawai ita zan ce ya bi. Amma yawancin aikin Kawu da tsohon CorelDraw da PageMaker aka yi shi, ba ya buɗuwa da kyau sai a inda aka haife shi, ga shi irin waɗannan adaftocin wani lokaci ba sa gane had-dis da ya tsufa ƙwarai. Ban da haka na ga idon Kawu, na san ba kwashewa kaɗai yake so ba, so yake ya sake zama gabanta. Ni ma ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Na ce za mu haɗa su da waya su riƙa miƙa wa juna.

Ta XP da ramin netwok ɗinta ta zo. Ta 98 ba ta da shi, sai an sa mata kati. Na zagaya wajen masu gyara, a shago na huɗu wani ya jawo kwalin tarkace daga ƙarƙashin teburi ya ce in duba da kaina. A ciki na tsinci katin Realtek RTL8139, mai zanen ƙaguwa a kan cif ɗinsa, irin wanda ya cika duniya a wancan zamani. Da na tambayi kuɗi dariya ya yi, ya ce in ba yaron shago na ruwa. In da ban samu ba da sai Kano, Beirut Road.

Direban katin yana intanet, kwamfutar da ke buƙatarsa kuma ba ta da hanyar karɓa sai da katin. Makulli yana cikin ɗakin da aka kulle ke nan. Sai na bi ta zagaye: na sauko da shi a laftof, na sa a filash, na kai wa ta XP, ita ta rubuta shi a faifan CD, na ɗauki faifan na kai wa ta 98. Tana karɓa sai ta ce in saka mata faifan Windows 98. Wannan halinta ne, duk abin da ka taɓa a saitin netwok sai ta nemi faifan. Kawu ya ce rabonsa da shi tun kafin a aurar da babbar 'yarsa. Allah ya taimaka wanda ya ɗora mata Windows tun farko ya bar kwafin fayilolin a C:\Windows\Options\Cabs, can na nuna mata ta ɗauka.

Sai waya. Na sayi mita goma na kebul ɗin netwok da kawunan RJ45 guda goma, na aro filayar matsewa. Cikin kebul ɗin silli takwas ne, an murɗe su bibbiyu. Sai ka feƙe rigar kamar tsawon gaɓar yatsa, ka warware su, ka miƙar da kowanne tsakanin babban yatsa da manuni har ya daina lanƙwasa, sannan ka jera: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan jerin shi ake kira T568B. Ka datse bakinsu daidai wa daida, ka tura cikin kan har ka hango jan ƙarfen kowanne ya taɓo ƙarshe, ka matse. A faɗe da sauƙi. Kawuna huɗu na ɓata, don koren nan da ke tsallake shuɗi kullum sai ya zame a daidai lokacin turawa. Kawu yana riƙe min tocilan yana cewa, "Wannan ai aikin masu kitso ne."

Na gama, na soka baki ɗaya a ta 98 ɗaya a ta XP, ko ƙyaftawa fitilar katin ba ta yi ba. Na zargi hannuna, na sake sabon kai, shiru. Sai can na tuna abin da na sani na manta. Tsofaffin katuna suna magana ta silli na 1 da na 2, suna saurare ta na 3 da na 6. In ka haɗa biyu kai tsaye da miƙaƙƙiyar waya, baki ya haɗu da baki, kunne da kunne, ba mai jin wani. Sai an gicciya, a kai ruwan lemo gurbin kore a baki ɗaya. Na'urorin yanzu da kansu suke juyawa, shi ya sa muka sangarce. Tun da dai kwamfutocin sun fi biyu, na bar zancen gicciyawa na sayo ƙaramin suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci, mai rami biyar, kowa ya soka tasa miƙaƙƙiyar a ciki. Fitilu suka kama, kore shar.

Kowace kwamfuta na ba ta lambarta da hannu, tun da babu rauta da zai raba: ta XP 192.168.5.2, ta 98 kuma 192.168.5.3, mas ɗin duka, wato subnet mask, 255.255.255.0. Gurbin gateway da na DNS, waɗanda kwamfuta ke buƙata don fita intanet, na bar su fayau da gangan, zan dawo kan dalili. Sunan rukuni, wato Workgroup, dole ya zama ɗaya, na sa SHAGO. A ta 98 na kunna File and Print Sharing, na raba foldar My Documents. Na buɗe baƙin allon DOS na rubuta ping, umarnin gwada ko suna jin juna, da lambar 'yar'uwarta, amsa ta dawo sau huɗu. Na ce wa Kawu an gama.

Ba a gama ba. Na danna Network Neighborhood, ta ce ba ta iya duba netwok. Daga magariba har ƙarfe sha ɗaya ina abu ɗaya. Na cire TCP/IP na mayar, na ƙara NetBEUI na cire, na canza ramin kati, kowane canji kuma sai an kashe an kunna, kowace kunnawa kusan minti biyu. Duk lokacin da ta tashi wani ɗan akwati ke fitowa yana neman suna da kalmar sirri, ni kuma ina danna Cancel, don Kawu ya ce haka suke yi tun fil azal. A shagon da kwamfuta ke zaman kanta hakan ba ya hana komai. Amma a Windows 98, in ka danna Cancel ka shiga kwamfutar ne ba ka shiga netwok ba. A kunnawa ta wajen goma sha biyar, don gajiya, na rubuta kawu na danna OK. Sai ga su nan su biyu a jere, kowace da ɗan hotonta. Na daɗe ina kallon allon ban ce komai ba, haushin kaina ya hana ni murna.

Na ɗauka daga nan sai in soka laftof ɗina mai Windows 11 in kwashe. Na soka, na ba shi lamba, ping ya tafi ya dawo lafiya, amma folda ta ƙi buɗuwa. A nan ne na fahimci inda gizo ke saƙa. Wayar ba ta canza ba. Ethernet ɗin da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka faro a kamfanin Xerox a 1973 har yau zuriyarsa ce muke amfani da ita, kuma sabon suwic yana sassauta gudu ya jira tsohon kati. Harshen da ake neman fayil da shi ne ya canza. Sunansa SMB, kuma Windows 98 da XP sigar farko, wato SMB1, kaɗai suka iya. Ta ɓarakar wannan siga ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila. Daga ƙarshen shekarar Microsoft ta fara barin SMB1 a kashe a sababbin Windows. Ana iya kunna shi, akwai wurin da ake dannawa, kuma shi ne shawarar da za ka fara ji. Ni ban yi ba. Laftof ɗin da nake shiga asusun banki da shi, nake jona shi da Wi-Fi ɗin kowa, ba zan ɓalle masa ƙyaure don in gaisa da tsohuwa ba.

Tafinta ake buƙata, mai jin harshen da da na yanzu. Ina da wani laftof da allonsa ya fashe, yana kwance a durowa shekara biyu. Na ɗora masa Debian, wani nau'in Linux da ke zama a madadin Windows, na sa masa Samba, manhajar da wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fara a 1992 don na'urorin da ba Windows ba su iya wannan harshe. Wasu da 'yar mitsitsiyar kwamfutar nan Raspberry Pi suke yi, amma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, tsohon laftof ya fi, don da batirinsa yake tafe. Ramin wayarsa na kai suwic da lamba 192.168.5.1, Wi-Fi ɗinsa kuma yana kallon ɓangaren laftof ɗina. Tsofaffi su ajiye a wurinsa da tsohon harshe, ni in ɗauka da sabo.

Shi ma Samba tun siga ta 4.11, a 2019, ya daina amsa SMB1 sai an ce masa. Layi uku na ƙara a fayil ɗin smb.conf: server min protocol = NT1, sai ntlm auth = yes saboda XP, sai lanman auth = yes saboda 98. Ta XP ta shiga nan take. Ta 98 ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba, alhali ita ce. Dalili biyu ne. Na farko, Windows 98 ba ya tambayarka da wane suna za ka shiga foldar wani, sunan da ka shiga kwamfutar da shi yake turawa, don haka dole a buɗe wa kawu asusu a Samba da wannan sunan. Na biyu, in ka kunna lanman bayan ka riga ka sa kalmar sirri, sai ka sake sa ta da smbpasswd, don sai a lokacin ake ajiye ta a tsohon salon. Salon nan rauni gare shi ƙwarai, duk haruffa yake mayarwa manya, kuma ba ya wuce 14. Shi ya sa na zaɓi kalmar da ba na amfani da ita ko'ina, kuma shi ne dalilin barin gateway fayau. An daina yi wa Windows 98 gyaran tsaro tun 2006, XP tun 2014. Su yi hira a tsakar gida, amma ba mai leƙa waje.

Na ɗaura foldar a matsayin Z: a kwamfutocin biyu. Ta 98 da duk had-dis ɗinta bai fi gigabait 4 ba, sai ga ta da rumbun gigabait 500 a gefe.

Kwasar ma ba ta tafi sumul ba. Na ja My Documents na jefa a Z:, ta yi nisa, sai ta ci karo da fayil ɗin da ya faɗa kan wurin da had-dis ya lalace. Ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta kawo saƙon kuskure, ta ajiye aikin gaba ɗaya, ba ta gaya maka inda ta tsaya ba. Na sake, muna tsaka aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita ScanDisk ya fito da shuɗin allonsa yana bin had-dis ɗin a hankali, ni kuma gabana yana faɗuwa, don tsohon had-dis kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Daga ranar muka koma ɗakin da inbata take, muka jingine tsohuwar monita mai ƙeya saboda cin wuta, muka riƙa zagayawa da siririya guda ɗaya. Kwafin kuma na koma yin sa da xcopy, da /s don ya shiga ƙananan foldoji, da /c don in ya tarar da matacce ya tsallake ya wuce. Fayil goma sha ɗaya ya tsallake. Da suka iso laftof ɗina manhajar tsaro ta kama tsofaffin cututtukan Word a cikin takardu da dama, irin waɗanda fulofin kwastomomi ke yawo da su shago-shago. Kawu ya ce shi ya sa a da kwamfutar ke yin abu kamar mai iska.

486 ita na bari ƙarshe don na ɗauka za ta fi wuya, sai ta zo da sauƙin da ban zata ba. Da yake batirinta ya mutu ta manta kowane irin had-dis ke cikinta, sai da na shiga BIOS, wurin saitinta na tushe, na kwafa mata lambobin da ke rubuce a jikinsa. Kasancewar daga ofis ta fito, akwai kati a cikinta, 3Com EtherLink III, mai gudun megabit 10, da rami irin namu da kuma wani zagayayyen baki na ƙarfe. Wannan bakin na tsohuwar waya ce mai kama da ta eriyar talabijin, wadda ake jan ta daga kwamfuta zuwa kwamfuta kamar igiyar shanya, a toshe ƙarshenta biyu, in wuri ɗaya ya kwance duk ofis ya tsaya. A kan shi aka saita katin, sai da na juya shi da 'yar manhajarsa mai suna 3C5X9CFG. Ban wahalar da kaina da SMB a DOS ba, yana cinye ƙwaƙwalwar da dududu kilobait 640 ce. Na ɗauki mTCP, tarin ƙananan manhajoji da Michael Brutman ya rubuta don irin waɗannan na'urori, na haɗa da direban katin a fulofi ɗaya. Injin fulofin nan guda mai aiki na kwance daga wannan na ɗaura a waccan. Na kunna FTP, wata hanyar miƙa fayil, a kanta, na buɗe manhajar FileZilla a laftof, sai ga C: ɗinta a baje. Kaf abin da ke ciki bai kai bidiyon biki ɗaya na WhatsApp ba. Wasiƙun neman aiki ne da takardun koke, da sunaye irin WSKGWM2.WP, don DOS ba ya karɓar suna sama da harafi takwas da uku a bayan ɗigo.

Tarihin ba a cikinta yake ba. Na bincika da sunan zuri'ar a duk abin da na kwaso, babu. Na bincika da kalmar tarihi, babu. Jikina ya yi sanyi, na fara tunanin yana cikin sha ɗayan nan. Kawu ya ja kujera ya sa tabarau, ya ce in matsa. Ya kama linzamin ta 98 ya shiga wata folda mai suna Sauran Aiki, cikinta wata mai suna Na Bashi, ya danna wani fayil da aka rubuta wa Alhaji mai carbi. Shi ne. Ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Bai gama biya ba a lokacin, shi ya sa yake nan." Ya yi shiru kaɗan, ya ce ya yafe, Allah ya jiƙansa.

A allon ta 98 rubutun tsaf yake. Da na buɗe shi a laftof ɗina sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wata alama ce ta daban zaune a wurin. A wancan zamani ba kamar yanzu ba ne da kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa. Masu buga Hausa da font na musamman suke aiki, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, inda aka zana haruffan namu a gurbin wasu alamomin da ba a cika buƙata ba. Sun yi wa Hausa aiki ba kaɗan ba, sai dai fayil ɗin alamar asali yake riƙewa, font ɗin ne ke sa mata riga. In babu shi sai ta fito tsirara. Na kwaso foldar C:\Windows\Fonts gaba ɗaya ta Z:, na sa wanda ake buƙata, rubutu ya dawo hayyacinsa, na fitar da PDF don ko ba komai a samu kamanninsa na asali. Sannan na yi wani kwafin na bi shi da nema da musanyawa sau shida, manya uku ƙanana uku, na mayar da su haruffan Unicode da kowace na'ura ke ganewa. Sai da na karanta shi daga farko har ƙarshe, don a wurare biyu alamar gaske ce marubucin ya nufa, musanyawar ta mayar da ita ɗ. Wanda ya zare had-dis kawai ya kwashi takardu ya bar font, da wannan zai tarar, kuma zai iya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Mutumin ya zo ranar Juma'a bayan an sauko. Ya zauna a zaure yana karantawa a laftof, yana bin layi da yatsa, har ya kai shafi na tara ya tsaya. Ya ce sunan kakar mahaifinsa ba haka yake ba, an musanya shi da na kishiyarta, kuma tsohon ya sha faɗin haka kafin ya rasu. Na kai hannu zan gyara, Kawu ya ce a'a, shi ya yi kuskuren shi zai gyara. Ya shiga ciki ya zauna gaban ta 98, ya gyara da yatsu biyu kamar yadda ya saba, ya adana a Z:, ya ɗaga murya ya ce, "Ya iso?" Na duba na ce ya iso. Mutumin ya ce a buga masa kwafi goma, a kuma tura masa a waya ya watsa a zauren danginsu.

Yanzu kwamfutocin suna kan benci ɗaya a ɗakin inbata, suwic ɗin an rataye shi a ƙusa, laftof mai fasasshen allo yana ƙarƙashi a kan bulo biyu saboda zafi. Kowane ƙarshen wata nakan kwafe Z: a wani had-dis in tafi da shi gidana. Cikin fayiloli sha ɗayan nan na ceto huɗu da na sake gwadawa da sassafe kafin ɗakin ya ɗau zafi, bakwai sun tafi. Kawu ya riga ya buga katin sunan jikansa a CorelDraw ɗinsa, da furannin nan na gefe da aka daina yayi. Jiya da zan tafi ya biyo ni har ƙofa da kwalin takalmi ɗaure da tsumma. Fulofi ne a ciki, na ƙirga arba'in da uku, wasu sun yi fumfuna. Ya ce ba gaggawa, amma akwai ɗaya da aka rubuta wa Gado da jan biro, da shi zan fara.